Rijiyar da Aka Rubuta wa Tudun Marke

Tudun Marke ɗan ƙauye ne da ke gefen hanyar da ta tashi daga Mairuwa ta nufi Sheme. Rabin mutanensa Musulmi ne, rabi Maguzawa, kuma tun zamanin kakanni ba a taɓa jin kansu ba. Ƙasarsu tana ba da dawa, tana ba da auduga fara tas. Abu guda ta hana su, shi ne ruwa. Duk rijiyar da suka haƙa, kafin a kai ga danshi sai yashi ya zubo ya cike ta. Don haka da mutum da dabba duk tafki ɗaya suke sha, wanda ke bayan gari.

Tafkin nan shi ke ba su kurkunu. Da zarar damina ta kankama, daidai lokacin da gona ke neman mai ita, sai ka ga ƙato ya zauna a ƙofar gida, ƙafa a miƙe, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Wani ya yi wata guda a zaune, wani ya yi uku, ciyawa tana cin gonarsa yana kallo. Wani duba-gari da ya taɓa ratsowa ya gaya musu cewa a ruwan tafki ƙwayar cutar take, kuma maganinta rijiyar siminti. Suka yarda da shi. Amma ina suka ga siminti?

A garin nan akwai wani manomi da ake kira Malam Nata'ala. Ya haura hamsin, dogo ne, siriri, ba mai yawan magana ba, amma in ya faɗi abu to haka yake. Matarsa ɗaya, Saudatu, tun ta ƙuruciya. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure, suka rage daga shi sai ita a gidan. Ita ce mai surutun gidan. In ya dawo daga gona ya zauna shiru, sai ta yi ta ba shi labarin gari tana kaɗa miya, har sai ta ga ya yi dariya.

A shekarun nan ne siyasa ta iso karkara. Jam'iyyu biyu ke jan zarensu a ƙasar, amma mutanen ƙauye ba su wahalar da bakinsu da dogayen sunayensu ba. Waɗanda ke tare da masu mulki a rumfar kasuwa suke taro, sai aka sa musu 'yan Rumfa. Masu hamayya kuwa an hana su rumfa, sai dai su tsaya a gindin kuka, aka sa musu 'yan Kuka.

Da kakar 1957 aka ce kowane ƙauye ya fitar da wakili guda zuwa majalisar gunduma. Ana cikin haka sai ga Harisu a kan keke. Harisu ɗan ƙanwar Malam Nata'ala ne, tela ne a Funtuwa, kuma ɗan Kuka ne na gani-kashe-ni. Yaro ne mai kaifin baki, amma mai zumunci, bai taɓa zuwa hannu sake ba. Ranar ma ya kawo wa Saudatu kallabi.

Bayan ya ci tuwo ya ce, "Kawu, kai muke so ka tsaya mana."

Malam Nata'ala ya ce, "Ni? Mi na sani a siyasa? Ko sunana ban iya rubutawa da boko ba."

"Ba rubutu ake nema ba, Kawu, mai gaskiya ake nema. Harajin da kuke biya kowace shekara, ina yake tahiya? A majalisar nan ake raba shi. In ba ku da baki a ciki, har abada tafki za ku sha."

Saudatu tana daga bakin murhu ta ce, "Malam, in dai akwai rijiya a cikin maganar, ka tsaya. Wuyana ya gaji da tulu."

Ranar zaɓe ba ƙuri'a aka jefa ba, layi aka yi a bayan wanda ake so. Baba Ɗanliti, dattijon Maguzawan garin, maƙwabcin Malam Nata'ala ta wajen gona, ya taso da mazan gidansa kaf suka tsaya a bayansa. Da aka gama, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, ni ban san Kuka ba, ban san Rumfa ba. Kai na sani. Ka tahi ka kawo mana ruwa."

Da rani ya shigo aka kira zaman kasafin kuɗi a garin hakimi. Malam Nata'ala ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau jaki ya tafi. Wakilai suka zauna a kan tabarmi a babban zaure, 'yan Rumfa ta dama, 'yan Kuka ta hagu, waɗanda ba su da ɓangare suka rarrabu a tsakiya. Malamin majalisa ya miƙe yana karanto abin da za a yi da kuɗin gunduma a shekara mai zuwa. Za a ƙara haraji. Za a yi wa gidan saukar baƙi rufin kwano. Za a ƙara wa wasu ma'aikata albashi. Can wajen ƙarshe ya ce za a gina rijiyoyin siminti guda uku, ya jero sunayen garuruwan. Na ukun Tudun Marke.

Malam Nata'ala ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙirji. Tunda yake bai taɓa jin sunan garinsu a bakin hukuma ba sai in haraji ake nema. Ya duƙar da kai yana hamdala a zuci.

Da aka tashi sallar azahar, 'yan Kuka suka ja gefe. Harisu yana nan, jam'iyya ta aiko shi ya tsaya a kan wakilanta. Ya ce musu kasafin nan gaba ɗayansa za a ƙi, kada wanda ya goyi bayansa.

Malam Nata'ala ya ce, "Harisu, ba ka ji an kira Tudun Marke ba?"

"Na ji, Kawu. Tarko ne. Sun sa muku rijiya don ku haɗiye ƙarin haraji da rufin kwano. Talaka na sayar da akuyarsa ya biya, su kuma su rufa wa baƙinsu ɗaki."

"Wanga gaskiya ne. To amma a cire kwanon mana, a bar rijiya."

"Ba a haka. Dunƙule suka kawo shi, dunƙule za a karɓa ko a ƙi. In muka kayar da shi yau, dole su dawo su zauna da mu. Sannan mu ce a cire ɓarna a bar aikin jama'a. Wallahi Kawu, rijiyarku ba inda za ta."

Malam Nata'ala ya dubi Harisu. Bai ga ƙarya a fuskar yaron ba, don shi ma Harisu ya yarda da abin da yake faɗa. Kuma ƙarin harajin ya tsaya masa a rai, ya san gidaje a Tudun Marke da na bara ma da ƙyar suka fita.

Aka koma zaure. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu, ya ga na hagu duk sun ɗaga, wasu na tsakiya ma sun bi su saboda maganar haraji. Ya ɗan jinkirta. Na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu. Ya ɗaga.

Kasafi ya faɗi. A waje 'yan Kuka suka ɓarke da sowa, maroƙi yana kiran sunan wakilai ɗaya bayan ɗaya. Harisu ya rungume kawunsa yana cewa yau talaka ya nuna shi ma mutum ne. Malam Nata'ala ya yi murmushi, amma a hanyar komawa gida bai ji daɗin jikinsa ba.

Da ya zayyana wa Saudatu yadda aka yi, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, tsaya in gane. An ce ga rijiya, kai kuma ka ce a'a?"

"Ba haka ba ne. Dabara ce. Za su dawo da ita."

Ta ce, "To. Mu dai mata ba a tambayarmu. Allah shi sa dabarar ta yi." Ranar ba ta ba shi labarin gari ba.

Ba a daɗe ba aka sake kiran zama. Kafin ranar an bi wakilan tsakiya gida-gida, an lallashi wasu, an tsorata wasu. Malamin majalisa ya karanta sabon kasafi. An rage ƙarin harajin kaɗan. Rufin kwano yana nan. Rijiyoyi uku suna nan, amma biyu daga ciki an mayar da su garuruwan da wakilansu ke zaune ta dama. Ba a ambaci Tudun Marke ba. Malam Nata'ala ya miƙe zai yi magana, wani daga dama ya ce, "Ai kai ka ce ba ka so." Aka yi dariya. Aka ɗaga hannu, kasafi ya wuce.

Ya nemi Harisu a waje. Harisu ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Ka ga irin zaluncinsu? Wanga abu za mu faɗe shi a kowace kasuwa, har Ƙanƙara sai an ji."

Malam Nata'ala ya ce, "Faɗi za ku yi?"

"Da shi za mu kayar da su a zaɓe mai zuwa."

Malam Nata'ala ya kwance jakinsa ya kama hanyar gida.

A Tudun Marke ba wanda ya zage shi. Da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ana gaisawa da shi kamar kullum, sai dai in ya iso dandali hira ta mutu. Baba Ɗanliti ne kaɗai ya tare shi a kan iyakar gona ya ce, "Malam, an ce da hannunka ka mayar da ita."

"Haka ne, Baba."

"To, ka yi abin da ka ga daidai ne." Ya juya ya ci gaba da sassabe.

Daminar shekarar kurkunu ya yi wa gidan Baba Ɗanliti dirar mikiya. 'Ya'yansa maza uku duk suka kwanta tun kafin noman farko. Malam Nata'ala kan gama tasa gonar ya tsallaka tasu da fartanya, ba tare da an roƙe shi ba. Duk da haka rabin dawarsu ciyawa ta cinye. Da kaka ta yi, gidan da ke cika rumbu huɗu ko biyu bai cika ba.

Abin ya hana Malam Nata'ala sukuni. Da aka buɗe kasuwar auduga, ya kai tasa, aka auna, sannan ya tsaya jiran Alhaji Gide. Alhaji Gide babban mai sayen auduga ne, kuma shi ne jagoran 'yan Rumfa a majalisa. Mutum ne mai fara'a, mai taushin murya. Ya sa aka shimfiɗa wa Malam Nata'ala buzu, aka kawo fura.

Malam Nata'ala ya ce, "Alhaji, roƙo na zo. Laihin nawa ne, ba na mutanen garinmu ba. A mayar musu da rijiyarsu."

Alhaji Gide ya ce, "Malam, ni na sa sunan garinku da farko, don na san halin da kuke ciki. Kuka kunyata ni a gaban hakimi. Yanzu in na sake sa ku, mi zan gaya wa mutanena? In ce na ba wanda ya tozarta mu, na hana wanda ya tsaya da mu?"

"To yaya za a yi?"

"Ka dawo cikinmu. Ba a ɓoye ba, a kasuwa, kowa shi gani. In ka zama namu, ina da bakin magana."

Ya kwana biyu yana juya maganar. Ya tambayi Saudatu. Ta ce, "Malam, ni ban san bambancinsu ba. Amma Harisu ɗanka ne, zai ji ciwo."

Ya ce, "Harisu famfo yake sha a Funtuwa."

Ranar kasuwar Sheme aka tsayar da shi a kan benci a cikin rumfa. Aka ba shi abin da zai faɗa, ya faɗa: ya gane kuskurensa, ya bar 'yan Kuka. Aka yi ta tafi, aka yafa masa sabuwar riga. Daga can gindin kuka samari suka fara waƙar habaici, wai an sayi dattijo da riga. Ya hango Harisu a cikinsu, bai yi waƙar ba, yana tsaye riƙe da kekensa yana kallonsa. Da idonsu ya haɗu, Harisu ya hau keken ya tafi. Tun daga ranar ya ɗauke ƙafa daga Tudun Marke. Uwarsa Hajaratu ma, ƙanwar Malam Nata'ala uwa ɗaya uba ɗaya, ta daina aiko da gaisuwa. Rigar kuwa, yana isa gida ya cusa ta a ƙasan adaka, bai ƙara sa ta ba.

Alhaji Gide ya cika alkawari. Da aka zo kasafin 1959, sunan Tudun Marke ya dawo. Malam Nata'ala yana zaune ta dama wannan karon.

Malami bai rufe baki ba wani ɗan Kuka ya miƙe. Ya ce wannan ba rijiya ba ce, ladan cin amana ne, kuma ba za su yarda a ɗauki harajin talakawa a biya wanda ya sayar da su ba. Mutumin nan bara kafaɗa da kafaɗa suka zauna da Malam Nata'ala, har goro suka raba. Kafin Alhaji Gide ya ba da amsa, sai wani daga cikin 'yan Rumfa ya miƙe shi ma. Ya ce garinsu ya shekara uku yana biyayya ba a ba shi ko kwalbati ba, sai baƙon jiya ne za a fara sallama? Wasu na dama suka ce gaskiya ne. Na hagu suka ga ɓaraka, suka ƙara wuta. Magana ta bar kan rijiya ta koma kan haraji, ta koma kan wanda aka ɗaure bara saboda taro ba izini, ta koma kan iyaye da kakanni. Wani ya jefi wani da takalmi. Dogarai suka shigo aka watse.

Aka sake zama, aka sake watsewa. Zaɓen ƙasa yana tafe a ƙarshen shekara, kowane ɓangare yana tsoron a ce shi ne ya sassauta. Daga ƙarshe umarni ya zo daga sama: a karɓi haraji, a biya albashi, amma duk wani sabon aiki a dakatar da shi sai majalisa ta daidaita. Rijiya kuwa da rani ake gina ta. Ana ta ja-in-ja har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Malam Nata'ala ya je wurin Alhaji Gide. Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce, "Ka gani da idonka, Malam. Na yi nawa. 'Yan Kuka ne suka ɓata. Ka yi haƙuri, in muka ci zaɓe, rijiyarku ce farko."

A watan da gero ya fara fitar da kai Saudatu ta ce ƙafarta tana mata zafi kamar an ɗora garwashi. Ƙurji ya fito a idon sawu, ya fashe, kan tsutsa ya leƙo. Ba wannan ne karonta na farko ba, don haka ba ta damu ba. Tana zaune tana tsinkar zogale, tana yi masa tsiya wai yau wakili guda zai ɗebo ruwa da kansa. Ya kuwa ɗauki tulu ya tafi tafki, mata suna kauda kai don kada ya ji kunya.

Sai na biyu ya fito a gwiwa. Shi ne mai wuyar. Kullum da safe Malam Nata'ala kan zauna ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya naɗe abin da ya fito a tsinke a hankali. Wata safiya ta motsa saboda zafi, tsutsar ta tsinke, sauran ta koma ciki. Su duka biyu sun san abin da hakan ke jawowa.

Gwiwa ta kumbura ta yi suntum. Zazzaɓi ya rufe ta. Aka kira wanzami ya tsaga, aka yi jiƙo, matar Baba Ɗanliti ta kawo wani ganye aka ɗaura. Ƙaramar 'yarsu Talatu ta zo daga gidan mijinta ta zauna jinya. Aka yi shawarar kai ta asibiti a Funtuwa, amma rafi ya cika, kuma ko taɓa ƙafar aka yi sai ta yi ƙara.

Wata rana da la'asar zazzaɓin ya ɗan sauka. Ta ga ya zauna a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Ta ce, "Malam, matso."

Ya matso.

"Na san abin da kake saƙawa. Ka bari. Tun kahin a haihi 'yan Kuka da 'yan Rumfa muke shan tafkin nan."

Ya ce, "Da ban ɗaga hannu ba, da yanzu shekara guda kina shan rijiya."

"Wataƙila. Wataƙila kuma da sun sami wani dalilin. Ni abin da ya dame ni, kai da Hajaratu. Ku biyu kuka rage. Kada ka bari wanga abu shi raba ku har kabari."

Bayan kwana kaɗan haƙoranta suka sarƙe, ko ruwa ba ya wucewa. Jikinta ya riƙa sandarewa yana saki. Wata ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Aka yi jana'iza. Maguzawan garin suka tsaya daga gefe har aka gama salla, sannan suka bi gawa zuwa maƙabarta, 'ya'yan Baba Ɗanliti suna ɗingishi. Hajaratu ta zo, ta faɗa jikin ɗan'uwanta tana kuka, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana.

Ranar sadakar uku sai ga Alhaji Gide da mutanensa, sun kawo buhun gero. Ba su daɗe da zama ba sai ga 'yan Kuka su ma, Harisu yana cikinsu. Aka yi addu'a, aka shafa. Da an tashi a nan da an rabu lafiya. Amma wani ɗan Rumfa ya ce, cikin jimami, Allah ya isa ga waɗanda suka hana baiwar Allah nan ruwa mai kyau. Wani ɗan Kuka ya ce ai kowa ya san waɗanda suka cire sunan garin da farko. Murya ta fara tashi. A kan tabarmar makoki, gaban mijin mamaciya, suka shiga jera wa juna laifi, kowa yana neman mutanen gari su shaida.

Baba Ɗanliti ne ya miƙe. Tsoho ne, sai da ya dogara sanda. Ya ce, "Ni ba Musulmi ba ne, amma a gidanmu ba a faɗa a kan gawa. Ku tashi. Duk ku tashi. Kun zo gaisuwa, mun gode. Wanda ya kashe ta da wanda bai kashe ta ba, ku tahi can ku raba."

Ba wanda ya musa masa. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Harisu ne kaɗai bai tafi ba. Ya zo ya durƙusa a gaban kawunsa. Da ƙyar ya ce, "Kawu, wallahi na ɗauka za su dawo da ita."

Malam Nata'ala ya dube shi. Yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi datti. Ya ce, "Na sani. Shiga ciki ka gaida uwarka, ka ci abinci."

Malam Nata'ala bai ƙara zuwa majalisa ba. Aka aiko, ya ce a ba wani. Ba wanda ya karɓa, kujerar Tudun Marke ta zauna ba kowa.

Da zaɓe ya matso, motoci masu lasifika suka fara shigowa har ƙauye, abin da ba a taɓa gani ba. 'Yan Rumfa suka zo suka ce rijiya tana nan tafe. 'Yan Kuka suka zo suka ce su ne za su gina ta. Yara suka bi mota da gudu, manya kuwa suna gonar auduga, ba wanda ya ɗago. Mai unguwa ya bi gida-gida yana roƙo a fito ranar zaɓe, kada a ce garinsa ya yi tawaye. A lokacin kowace jam'iyya da nata akwatin ƙuri'a. Wani magidanci ya ce masa, "Ranka shi daɗe, in an kawo akwatin da ba na kowa ba, ka kira ni."

Shi kuwa Malam Nata'ala gidan ya yi masa faɗi. In ya dawo daga gona ba mai ce masa sannu, ba mai ba shi labari. Yana da wani ɗan baffa, Inusa, da ya daɗe da komawa wajen Sabuwa, inda daji ke da yawa, ƙasa tana neman mai sara. Ya sha aiko masa ya zo. Da Malam Nata'ala ya gama cire auduga, ya yanke shawarar komawa can, ya tara dawarsa, ya raba biyu, ya aika rabi gidan Baba Ɗanliti, ya kuma ce su riƙa noma gonarsa.

Baba Ɗanliti ya ce, "Malam, ba wanda ya kore ka."

"Na sani, Baba. Ni ne ba na iya kallon hanyar tafkin nan."

Tafiyar ta faɗo ranar zaɓe, ba don ya shirya hakan ba, sai don ranar ce ayarin masu jakuna ke bi ta wajen. Ya ɗaura tabarma da fartanya da 'yar tukunya. Ya biya ta maƙabarta ya yi addu'a, sannan ya kama hanya.

A bakin wani gari suka tarar da rumfar zaɓe, an kewaye ta da zana, ɗan doka yana tsaye. Layin bai da tsawo. Wakilan jam'iyyun suna zaune a inuwa, kowa da nasa gefen. Wani ɗan Rumfa ya gane shi ya taso da sauri.

"Malam Nata'ala! Ina zuwa haka da kaya? Ba ka koma ka jefa ƙuri'a ba? Yau fa ranar ce."

Wani ɗan Kuka ya ɗaga murya daga inda yake zaune, "Ƙyale shi, ai ya gane gaskiya, namu ne."

Malam Nata'ala ya tsaya ya gyara igiyar kayan da ta sassauta. Ya ce, "Sannunku da aiki. Rana tana yi, kuma da sauran tahiya a gabana."

Abokan tafiya sun riga sun yi gaba. Ya kaɗa jakinsa ya bi su.